Na Rubuta Sakkwato a Gurbin Jiha

Aliero, daren Laraba, 15 ga Janairu, 1992

Yau hannuna ya ci amanata. Ina cike fom ɗin shiga jami'a, da na zo gurbin jiha sai biro ya zarce ya rubuta Sakkwato. Kusan wata biyar ke nan da aka yanke mu aka ba mu Kebbi, amma yatsuna ba su ji labari ba. Fom ɗaya gare ni, kuma ba a gogewa.

Na kai wa Malam Bala, mai koya mana kimiyya a Jega. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Nasiru, mi kay yi haka? Takardar shaidarka ta ce Kebbi, wanga ya ce Sakkwato. Likitanci ba gurbi da yawa, dalili guda ɗai ake biɗa a aje mutum."

Mako uku na yi ina juya zaɓi: jami'ar Sakkwato kusa da gida, ko ta Zariya mai neman maki na fitar hankali. Na sa Sakkwato farko. Yanzu ban sani ba, ɗan gida za su ɗauke ni, ko baƙo, ko maƙaryaci?

Baba ya dawo daga Maiyama, inda ya je ɗorin wani da ya karye. Da na faɗa mishi dariya ya yi. "Ƙashi ma na karyewa a ɗora, balle takarda."

Ni ban yi dariya ba. Gobe Malam zai ja layi ya gyara, Allah sa su karɓa. Na cika bayan littafina da Kebbi, Kebbi, Kebbi, don hannun ya saba. Da na duba layin ƙarshe, Sakkwato na sake rubutawa.