Ƙararrawar Isogiri

Litinin, 4 ga Satumba

Takarda ta zo. Sabon jirgin yaƙin da aka sa wa suna Isogiri zai fara aiki a watan Nuwamba, shi ne na huɗu mai wannan suna. Na farko tun zamanin kakanni. Na biyu ya nutse a yaƙi da mutum ɗari biyu da sha ɗaya. Na uku shi ne nawa, shekara sha tara na yi a cikinsa kafin a farfasa shi. 'Yan ƙungiyarmu ta tsofaffin sojojin ruwa sai murna suke kamar an yi musu jika. Ni kuwa ban yi murna ba, don ƙararrawar ɗakin tarihinmu suke so a ba sabon jirgin.

Laraba, 6 ga Satumba

Bari dai in rubuta, ko takarda ta sani.

Shekara ashirin ke nan da na tsinci ƙararrawar a ɗakin ajiyar wata makaranta a nan Maizuru, da sunan Isogiri a jikinta. Ban tsaya bincike ba. Na ruga na shela wa duniya cewa ta jirgi na biyu ce, wai an sauke ta kafin tafiyarsa ta ƙarshe. Haka nake so ya zama, shi ke nan. Da hannuna na rubuta allon da ke gabanta. Bayan shekara tara, ina kankare tsatsar cikinta, sai ga shekarar da aka ƙera ta: ta talatin da takwas a mulkin Sarki Meiji, wato 1905. Ta jirgi na farko ce, wanda ya tsufa lami lafiya a tashar nan, ko ɓera bai mutu a cikinsa ba.

Me na yi? Na samo baƙin fenti na shafe wurin. Ni Kuwabara, mai yi wa ƙananan sojoji tsawa a kan maɓalli ɗaya. Tir.

Juma'a, 8 ga Satumba

Inna Fusae ta zo kamar kowace Juma'a, da sandarta da ƙunshin wainar shinkafa. Shekararta tamanin da takwas. Yayanta Masuo yana cikin ɗari biyu da sha ɗayan nan. Akwatin da aka kawo wa uwarsu a matsayin gawa, ba komai a ciki sai guntuwar takarda da sunansa. Da na samo ƙararrawar, Inna ta ɗebo ɗan guntun ƙashin uwar daga tukunyar da ake ajiye tokar gawarta, ta ɗinke a jan ƙyalle, ni na ɗaure mata shi a cikin ƙararrawar. Wai uwa ta zauna kusa da abin da ɗanta ya taɓa.

Yau ta shafa ta tana cewa, "Yaya, za ka koma teku, ka ji?" Ta juyo ta ce da ni, "Sarkin ƙararrawa, yaya ka yi zuru kamar wanda aka kama da satar kifi?"

Na ce ciwon haƙori ne.

Talata, 12 ga Satumba

Laftana Irie daga sabon jirgin ta zo dubawa. Yarinya ce mai kaifin ido, na ce yau asirina ya tonu. Ta haska fitila ciki, ta ga jan ƙyallen, ta janye hannu da sauri ta rusuna masa. Ba ta ƙara leƙawa ba. "Baba Kuwabara, komai daidai."

Na tsira, kuma ƙashin uwar matar da na yaudara ne ya kāre ni. Ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta yau ba.

Lahadi, 17 ga Satumba

Na gaya wa matata Teruko. Shekara arba'in da aure, ban taɓa ganin ta ajiye tsinken cin abinci a tsakiyar ci ba. Ta ce, "Kai dai ba ka iya ƙarya ba, shiru ka iya, kuma shirunka ya fi ƙarya wari." Na ce tsohuwar tana cikin farin ciki, me zan ɓata mata? Ta ce, "Ita kake tausayi ko fuskarka?"

Matar nan!

Juma'a, 22 ga Satumba

Inna ta kawo wasiyya in ajiye mata. Idan ta mutu, a ɗebi guntun ƙashinta ita ma a ƙara a jan ƙyallen. "Mu uku mu haɗu, kamar dā." Har da dariyarta, wai in ɗaure da kyau, ba ta iya iyo ba.

Asabar, 23 ga Satumba

Na je gidanta da hantsi, ta dawo daga share kabarin iyayenta ke nan. Ta zuba mini shayi. Na sa goshi a tabarma na faɗi komai, har fentin.

Ta ce: "Wato shekara ashirin uwata tana rataye a ƙararrawar baƙi?" Na ce e. "Yaushe ka sani?" Na ce shekara sha ɗaya. Ta kalli kofin da ke gabana. "Shayi nawa ka sha a gidan nan tun daga ranar?"

Ta ce gwamnati ta ba su akwati babu kowa a ciki, amma ita gwamnati ba ta zo tana cin waina kowace Juma'a ba. "Malam Kuwabara, tashi ka kawo mini uwata."

Na koma ɗakin tarihi na kwance ƙyallen, na riƙo shi a cinyata a cikin bas. A bakin ƙofa ta karɓa, ta rufe.

Juma'a, 29 ga Satumba

Ba ta zo ba.

Litinin, 2 ga Oktoba

Na faɗa a taron ƙungiya. Shugaba Odagiri ya daki tebur: "Tsohon banza, da ka mutu da bakinka a rufe mana!" Wasu iyalan suka tashi suka fita. Wani dattijo da babansa ke cikin mamatan ya tsaya gabana yana kallona kawai, gara ma ya mare ni. Na kankare fentin, na sauke allon, na rubuta sabo. Na sa sunana a ƙasa da abin da na yi.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Laftana Irie ta ce har yanzu suna son ƙararrawar, ai ta Isogiri ce. Ta kuma ce a tafiyarsu ta farko zuwa kudu za su bi ta daidai inda na biyu ya nutse, su tsayar da jirgi, su jefa furanni kamar yadda aka saba. Na tambaye ta ko bayan furanni ana iya jefa wani abu ƙarami. Ta gane.

Na rubuta wa Inna wasiƙa. Sau huɗu ina yagawa, don kowace sai in ga na cusa neman gafara a ciki. Ta biyar hanyar da jirgin zai bi da ranar miƙa ƙararrawa da wurin kawai na sa.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

An miƙa ƙararrawar yau a tashar jirgi, ana yayyafi. Har na fid da rai sai ga Inna Fusae a tasi, cikin baƙaƙen kaya. Ta wuce ƙararrawar ko kallonta ba ta yi ba. Ta je gaban Laftana Irie ta miƙa mata jan ƙyallen da hannu biyu, yarinyar ta cire safar hannu kafin ta karɓa.

Ina tsaye taku uku daga gare su, na ji da kunnena. Ta ce, "'Yata, idan kun isa, ki gaya wa yayana ga uwarmu nan. Ki ce ya yi haƙuri, ɓatan hanya muka yi, shi ya sa muka makara."

Ba ta kalle ni ba, ban kuwa cancanta ba. Ba na jin za ta sake zuwa ranar Juma'a. Na tako gida a ƙafa cikin ruwan.

Teruko ta ce wai ta ji ina yin fito da baki a ɗakin wanka. Sharri ne kawai irin nata.