Mamba Guda da Shugabanni Goma Sha Biyar

Daga: Almu Gide Tafoki,
Mataimakin Sakatare na Uku, Reshen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Zuwa ga: Mai Girma Babban Sakataren Jiha,
Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Leburorin Hanya da Gada, Kaduna.

12 ga Yuni, 1978.

Game da: Ƙarar Malam Rabo Sheme, wadda reshenmu ya kasa saurara.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina sanar da kai wani mutum. A Sheme ana cewa Malam Rabo bai taɓa makara wurin aiki ba cikin shekara ashirin da biyu. Direbobi na cewa in ka hau inda ya zuba kwalta za ka gane. Shugabanmu, Alhaji Lawwali Pauwa, yana kiransa ƙashin bayan ƙungiya, kuma gaskiya ya faɗa, don shi kaɗai ne mambanta.

1. Da aka ba da umarnin haɗe ƙananan ƙungiyoyi a bana, ƙungiyoyinmu uku suka zama reshe ɗaya. Kafin nan samari sun watse zuwa Kaduna da Legas, inda kuɗin mai yake. Waɗanda suka rage masu kujera ne, biyar biyar, babu mai son sauka. Don a zauna lafiya aka bar wa kowa tasa. Yanzu muna da Shugaba, da Shugaba na Biyu, da Shugaba Mai Ba da Shawara, har da Mai Kula da Ƙararrawa da mataimakinsa. Ƙararrawar kuwa ba a saya ba tukuna. An yi wa Malam Rabo tayin riƙon tuta, ya ce a bar shi da shebur.

2. Na ji an rubuto maka cewa mu ɗari huɗu ne. Ban musanta wa manya ba. Ni dai goma sha shida nake ƙirgawa a kan tabarma.

3. Ranar 3 ga Afrilu durom ɗin kwalta ya kife wa Malam Rabo a hannun dama, a gadar da ke kusa da Sheme. Ɗan kwangila ya sallame shi a ranar, wai ba ya ɗaukar mai hannu ɗaya. Ƙa'ida ta ce sai reshe ya kai ƙara cikin kwana casa'in. Wa'adin zai cika ranar 2 ga Yuli.

4. A littafin dokoki da kuka aiko, sashe na tara ya ce ba a yanke shawara sai da mamba mara muƙami a zaune. Sashe na sha huɗu ya ce mai ƙara ya fita waje in za a yi maganarsa. Saboda haka in Malam Rabo yana ciki ba a tada maganarsa, in ya fita taro ya rushe.

5. Mun zauna sau uku, a Ƙanƙara, a Faskari, a Sabuwa, don kada wani gari ya ce an raina shi. Kowane zama Malam Rabo yakan zo a bayan keken maƙwabcinsa, hannu naɗe da tsumma. Yakan saurari jawabi goma sha huɗu kan haɗin kan ma'aikata, ni ne ba na yi. Daga nan a ce ya fita. Ya zauna gindin bishiya, a sanar cewa taro ya rushe, a yi fatiha. A Sabuwa an gwada zaunar da shi a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, sai Shugaba Mai Ba da Shawara ya ce littafi bai san rabin mamba ba. Matar Malam Rabo, Safara'u, ta aiko tambaya ko an gama.

6. Na nemi in ajiye muƙamina in koma mamba, don a sami mai zama. Aka ce murabus ba ya tabbata sai da sa hannunka. Alhaji ya ƙara da cewa reshe mai girma irin namu ba ya tafiya babu Mataimakin Sakatare na Uku. Aikina dai riƙon biron na Biyu ne.

Don haka ina roƙo cikin ladabi ka sa hannu a takardar murabus ɗina da ke haɗe da wannan, ka dawo da ita a motar Funtuwa kafin 25 ga wata, kuma ka umarci reshe ya zauna nan take. Saura kwana ashirin. Damina ta sauka, mutumin nan ba ya iya riƙe fartanya.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya.

Naka mai biyayya,
Almu Gide Tafoki.

Ƙari: Na girma ban yi boko ba, sai da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci. A zaman Ƙanƙara babu wanda ya san da sashe na sha huɗu. Har an fara maganar Malam Rabo, ni na miƙe na karanta shi da ƙarfi, don a ji na iya. Jiya na je Sheme na karanta masa wannan takarda, yana ta gyaɗa kai. Da na zo kan maganar sashe na sha huɗu sai na ajiye ta, na ce masa, “Baba Rabo, ni ne na fitar da kai waje. Ka yafe mini.”