Busasshen Wuri a Kan Tudun Gawayi

Saint-Denis, Paris

Zuwa ga Yaya Maazou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Yaya Maimouna da yara. Allah ya sassauta wa Inna ciwon gwiwa, ya ƙara mata kwana. Ni ina nan ina zuwa aiki, sanyi ne dai ya yi yawa bana.

Yaya, na rubuto ne don bakina ya kasa faɗa a waya. Maganar ƙanenmu Illiassou ce. Yana da rai, ka fara riƙe wannan. Yana kwance a asibiti a Lyon, wuta ta ci masa ƙafafu. Likitoci sun yanke ta hagu daga ƙasan gwiwa. Ta dama suna ta fama da ita, sun ce har yanzu ba su san ko za ta tsira ba.

Ga yadda abokin karatunsa Taha ya ba ni labari. Akwai wani gari kusa da Lyon inda aka daɗe da rufe ramukan haƙar gawayin ƙasa. Tarkacen da aka fitar an tsibe shi ya zama manyan tuddai baƙaƙe, har itatuwa sun tsiro, mutane na hawa shan iska. Ashe wasu tuddan wuta na ci a cikinsu shekara da shekaru, kamar jujin bayan gidanmu a Damagaram, toka a sama, garwashi a ƙasa. Shi da Taha suka hau ɗaya ran Asabar, La'asar ta same su a can sama, ko'ina ƙanƙara da taɓo. Ka san ustazun gidanmu, wanda ko tabarmar masallaci sai ya kakkaɓe ta. Ya hango wani wuri a gefen hanya, a bushe ƙayau, ya ce wa Taha ga wurin salla Allah ya ba su. Ya cire takalmansa ya jera, ya taka. Wutar da ke ƙasa ce ta busar da wurin. Ƙasa ta rufta da shi, Taha ne ya jawo shi da hannu. An ce da akwai shinge da allon gargaɗi, sun daɗe da faɗuwa, ciyawa ta rufe su. Yanzu an kafa sababbi, ihu bayan hari.

Ban yi kuka ba, Yaya. Ina ta jiran ya zo, bai zo ba. Kowace Juma'a ina shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon, in zauna a gefensa, Lahadi in dawo. Ina cin abinci, ban san me nake ci ba. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambayata shi ne yadda ake alwala da ƙafa ɗaya. Na ce zan tambayi malam. Har yau ban tambaya ba.

Taha ya kawo mini takalmansa a leda. Ba abin da ya same su. Suna ƙarƙashin gadona.

Inna ba ta sani ba. Kai ne babba, ka je ka zauna a gabanta ka faɗa mata da bakinka, kafin wani ya riga ka ta waya. Kada ka daɗe. Jiya ta kira ni tana dariya, ta ce ta sami baduku mai kyan hannu, za ta sa a ɗinka wa autanta takalman Salla, in faɗa mata lambar ƙafarsa. Na faɗa mata.

Ka gaishe mini da Yaya Maimouna, da Kawu Nazir, da ɗiyata Safi. Ku sa shi a addu'a, Allah ya bar masa ɗayar.

Ƙanwarka,
Hassia