Gwiwar Hannun Doguwa

Doguwata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya amarci, yaya angon namu? Ina fata bai gano ba ki iya girki ba tukuna.

Wata uku ke nan da na kama aiki a ɗakin gwajin jini na asibitin nan. Aikin lafiya lau, amma daga asibiti sai ɗakina, babu mai ƙwanƙwasa mini ƙofa. Kaɗaici ya ishe ni, sai na shiga ƙungiyar mawaƙa a majami'ar unguwa. Ran Lahadi na sha kunyar duniya. Kin tuna shekara huɗu a jami'a, a gefenki nake tsayawa, ke ce mai taɓa ni da gwiwar hannu idan lokacin shiga waƙa ya yi. To nan babu mai taɓa ni. Na ɗaga murya kafin kowa, ni kaɗai, baiti guda cur. Shugaban mawaƙa ya leƙo ni ta saman tabarau. Ban sake komawa ba.

Na rubuta takardar barin aiki, ƙarshen wata zan miƙa. Gida zan dawo, kusa da ke. Ba zan iya ba.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Gajera

Gajera, 'yar rigima,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Angon yana gaishe ki, ya ce ya gano tun makon farko, amma ya riga ya yi alkawari a gaban Fasto.

Na yi dariya har da hawaye, daga baya hawayen suka zama na gaske. Bari in tona wa kaina asiri. Ban taɓa ba ki alamar shiga ba. Ni ce ban san lokaci ba, shi ya sa nake manna gwiwar hannuna a haƙarƙarinki. Da na ji kin ja numfashi sai in buɗe baki. Ke nake bi, ke kuma kina zaton ni kike bi. Tun da kika tafi, motsa leɓe kawai nake yi. Kuskure ɗaya kika yi a wata uku, ni ko sauti ban fitar ba.

Ga abin da na kasa gaya miki a waya: in kin dawo ba za ki same ni ba. An yi wa maigidan canjin wurin aiki, wata mai zuwa za mu tashi. Garin ban san kowa a cikinsa ba, kuma ina da ciki wata biyu. Tsoro nake ji ƙwarai. Idan ke da kika fi ni ƙarfin hali kika gudo, ni yaya zan yi?

Kada ki miƙa takardar nan. Ki koma koyon waƙa ran Alhamis, don Allah.

Mai kewarki,
Doguwa

Doguwata,

Ashe munafuka nake tsayawa kusa da ita shekara huɗu. Allah ya raya mana abin da ke cikinki.

Na koma. Shugaban mawaƙa ya ce ya yi zaton ba ni da lafiya ne, matarsa kuwa ta ja ni gidansu cin abinci. Takardar na yaga ta, hutun kwana uku na nema a maimakonta. Kada ki ɗaga kwalin kaya ko ɗaya sai na zo na taya ki shirin tashi.

Wata ukun farko za ki yi kuka. Ni na riga na yi nawa, ki kira ni duk ranar da naki ya zo.

Taki har kullum,
Gajera