Agogon da Ya Hana Mu Hatsi

Zuwa ga Yaya Abdussalam, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara buɗi. Mu nan da sauƙi, sai dai damina ta sake yi mana gardama, geron gonar gabas ko kai bai fitar ba. 'Yata ta wajen Hure ta fara tafiya, ba abin da take bari a ajiye.

Yaya, na yi wani abu da ya tsaya mini a rai. Ka tuna agogon bangon da ka aiko wa Inna, mai zubin masallaci da ruwan zinare a gefe? A ɗakinta ka ce a rataya, ni kuwa don son a sani na kafa shi a zaure. Har masu wucewa kasuwar Makoda kan tsaya kallonsa, in ya buga sai in gyara zama kamar ni na ƙera shi. Aka fara kirana Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba.

Ranar Talata mai unguwa Dabo ya zo rubuta gidajen da za a ba hatsin agaji. Yana zama agogon ya buga goma. Ya ɗaga kai, ya yi murmushi, ya ce gida mai irin wannan ai sai dai ya taimaki wasu. Mutum huɗu na zaune suna kallona. Wallahi abin da ke rumbunmu ba zai kai sati uku ba, amma na buɗe baki na ce haka ne, alhamdu lillahi. Har bakin hanya na raka shi ina dariya. Da na bi shi washegari don ya sa gidanmu, takardar sunayen ta riga ta tafi.

Inna ta ji komai ta bayan katanga. Tun ranar take azumi, wai nafila, in an sha ruwa ma rabin kwanonta jikoki take tura wa. Jiya jiri ya ɗebe ta a bakin rijiya. Na kasa haɗa ido da ita. Ka yafe mini, kuma in da hali ka aiko da ko buhun masara ɗaya ne kafin wata ya mutu.

Ka gaishe da Sauda da yara. Hure da Kawu Mati suna gaishe ka. Inna ta ce in rubuta maka tana ci tana ƙoshi, kada ka damu. Na rubuta ne don ita ta sa ni, amma kada ka yarda.

Ƙaninka,
Nababa