Falmata, Alhaji Ya Sa Hannu

Zuwa ga ƙawata Falmata,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba. Amma akwai labarin da ke ya kamata ki fara ji, kuma ba ni da wata hanyar faɗa miki.

Kin tuna shigarmu jami'a, karatun ƙwadago da hulɗar ma'aikata da masu kamfani? Ni abin da aka ba ni na karɓa, ke kuwa da kanki kika zaɓa. A gida ana yi mana dariya, wai mun tafi koyon yajin aiki. Kikan ce sulhu muka je koyo, yaji sai in sulhu ya gagara.

Da muka gama, na zama jami'ar kula da ma'aikata a kamfanin casar shinkafa na Alhaji Bukar, kan hanyar Khaddamari. Ke kika shiga ƙungiyar ƙwadago. Wa ya zaci za mu zauna a teburi ɗaya, ina kare kamfani, kina kare ma'aikata?

Ke kika gano abin da ake yi wa matan da ke tsince shinkafa. Duk wadda cikinta ya fito, sai mai kula da su ya sallame ta a asirce. Shi ya sa ɗaya daga cikinsu, Yagana, take ɗaure nata tamau da tsohon zani, ta wuni a tsugune. Daga tafiyarta kawai kika gane. Wane irin ido Allah ya ba ki, Falmata?

Ranar zaman sulhu da Alhaji, na ɗauka za a yi tashin hankali. Sai kika gaida Alhaji da Kanuri, kika tambayi lafiyar jikokinsa, sannan kika warware masa doka a hankali. Ba ki kunyata shi gaban yaransa ba. Da bakinsa ya yi alkawarin hutun haihuwa, da mayar da waɗanda aka kora. Kafin a sa hannu ciwo ya kwantar da ke, ba ki tashi ba.

Bayan an share makoki, Alhaji ya ce a bar maganar, tunda mai matsawa ta tafi. Wallahi na ji tsoro. Kin san da aikin nan nake riƙe da yarana. Amma na ce masa alkawari ne gaban shaidu, in zai karya shi, sai dai ya nemi wata jami'ar. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Wata ranar Laraba ya kira ni, ya karɓi biro daga hannuna, ya sa hannu. Ya ce bai taɓa ganin mai ka da shi da ladabi irinki ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Duk ranar da kika rinjaye ni a teburi, da farin ciki nake komawa gida Maisandari. Na fi koyon aikin nan a wurinki fiye da a aji.

Yagana ta sauka lafiya, ta gama hutunta, ta dawo bakin aiki. Namiji ta haifa. Ta so mace don ta yi miki takwara. Ta ce ba komai, sai na gaba, tunda yanzu ba mai ɓoye ciki.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki.

Taki har kullum,
Hadiza