Kunnuwan Jitarka da Man Shanun Inna

Zuwa ga Yayana, Malam Sabi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin rahamar Ubangiji da hasken makwanci. Na san ba a kai wasiƙa inda kake. Amma shekara tara ke nan ina tara maka labari, wannan kuwa ya ƙi zama a cikina. Masu karantawa a shafina su yi mini uzuri, yau da Yayana nake magana.

Maƙasudin rubutun shi ne in sanar da kai cewa na taɓa kunnuwan jitarka. Ba taɓawa kaɗai ba, na cire su duka shida. Ka ji dalili tukuna kafin ka ɗaure fuska.

Ban manta dokarka ba. Tun ranar da ɗan bautar ƙasar nan da kuka koyar tare a Kafin Soli ya bar maka ita, ka ce kowa na iya kaɗa tsirkiya, amma ƙarafunan nan da ake murɗawa a saita sauti, waɗanda kake kira kunnuwa, naka ne kai kaɗai. "Lawal, duk wanda ya murɗa mata kunne, sai na murɗe nasa." Sau biyu ka cika mini wannan alkawari.

Inna kuwa ka san ba ta taɓa ƙaunarta ba. Garayar 'yan boko take ce mata. In ka dawo Kusada ranar Juma'a ka zauna gindin bedi bayan la'asar kana kaɗawa, sai ta ƙara wa taɓarya ƙarfi don kada ta ji. Ta sha faɗin malamin makaranta guda, da gemunsa, ya koma maroƙi. Amma da aka zo raba kayanka, ita ce ta ce, "Ku ɗauki komi, abin ga dai ku bar mani." Ta naɗe ta da zanenta ta rataye a ɗaka, ba wanda ya sake ganinta.

Idanunta sun tafi, Yaya. Bara na dama, bana na hagu. Watan jiya na je gaishe ta, ta kama hannuna ta ce, "Sauko da abin yayanka ka kaɗa mani irin na Juma'a, tun kunnen bai bi idon ba."

Da na kwance zanen, katakon sai sheƙi yake. Kunnuwan kuwa sun yi baƙi ƙirin, sun daskare da wata dauɗa mai danƙo. Uku sun ƙi motsi, biyu suna juyawa ba sa kama komai, na shida ya karye a hannuna. Tsirkiya uku sun tsinke an ƙulle su da zare. Sai warin tsohon man shanu ya bugi hancina.

Ban ma tambaya ba ta fara ba ni labari, tana jin daɗi. Ashe duk tsayuwar wata sai ta sayi man shanu wurin Bafulatanar Mawashi da ke kawo mata nono, ta shafe kunnuwan ɗaya bayan ɗaya, yadda take shafe akushinta kada ya tsage. In damina ta zo ta ji tsirkiyoyin sun yi sako-sako, sai ta murɗa har su yi tauri. "Ban taɓa bari ta saki ba," in ji ta. Shekara tara, Yaya. Haƙoran ƙarfen duk sun cinye.

Na ce mata sannu da ƙoƙari. Na fita zaure na fara dariya, dariyar ta ƙare da kuka.

Na tafi da jitar shagona na ɗinki a Kankia, na kwantar da ita a teburin yanka. Aka haɗa ni da wani mai sayar da kayan kiɗa a Kano, muka yi ta waya. Ya ce in auna masa faɗin ramukan da kunnuwan ke shiga, da tazarar da ke tsakaninsu. Na ɗauko tef ɗina na ɗinki na auna. Ya yi dariya ya ce ai ba wuyan riga ba ne. Sai da na aro ma'aunin ƙarfe wurin makanikin da ke kusa da ni, sannan ya yarda da lissafina.

Ya turo mini hotuna kashi biyu. Na farko irin naka ne, uku-uku a jere a kan faranti ɗaya, haƙoransu a fili kana ganin yadda suke cizon juna. Na biyu na zamani ne, kowane zaman kansa yake, haƙoran a rufe cikin ƙoƙon ƙarfe mai walƙiya. Ya ce su sai ka murɗa sau goma sha takwas kafin sandar da ke naɗe tsirkiya ta zagaya sau ɗaya, don haka sauti na zama daidai inda ka ajiye shi. Sai dai ramukanka sun yi musu kaɗan, dole kafinta ya ƙara musu faɗi.

Ka san ni da abu mai walƙiya, tun ina yaro kake mini tsiya a kai. Raina ya biya. Har na yi magana da kafinta, na ce a raina ai katako ne, ɗan abin da za a kankare bai taka kara ya karya ba.

Ina shirin cewa ya aiko su, sai ya ƙara da abin da yake ganin shi ne babban talla. Ya ce waɗannan ba ruwansu da mai har abada, an rufe su da mansu a ciki, ko ka so ka sa musu babu ta inda zai shiga.

Nan take Inna ta faɗo mini a rai.

Inna ba ta iya daka yanzu. Ba ta tsince shinkafa, ba ta ganin fuskar jikokinta, har alwala sai an miƙa mata buta. Komai yi mata ake. Aiki ɗaya ya rage da take yi da hannunta, kuma kai take yi wa. Ni kuma ga ni zan sayo abin da zai ce mata ba a bukatarta.

Na ce ya aiko mini masu haƙora a fili. Ya yi ta ba ni baki, daga baya ya ɗauka rowa ce, na bar shi a haka. Direba ya kawo su tasha ranar Laraba. Da farko na ɗaura na hagu a dama, sai da na kwance na sake. Amma sun zauna a ramukanka cif, ba a kankare ko ƙwayar katako ba. Na sa sababbin tsirkiyoyi, na yi kwana biyu ina saitawa suna saki har suka natsu.

Ranar Juma'a bayan la'asar na shimfiɗa mata tabarma gindin bedin. Na kaɗa kiɗan nan naka da ba ka taɓa sa wa suna ba, wanda na koya a ɓoye lokacin da kake tafiya masallaci. Hannun tela ne, na yi tuntuɓe wuri uku. Da na gama ta ce, "Ya fi ka iyawa." Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Sake."

Sau huɗu na sake. Sai ta miƙo hannu ta lalubi kan jitar, yatsunta suka bi sababbin haƙoran. Ta ce, "A bushe suke hwa."

Dama na zo da shirina. Na ciro 'yar kwalbar man keken ɗinki mai siririn baki na sa mata a hannu. Na ce sababbin ba sa cin man shanu, ɗigo ɗaya na wannan ya ishe kowanne. Na riƙe hannunta muka bi su tare, tana ƙirgawa har shida. Murɗawa kuwa na ce ta bar mini, na tuna mata dokarka. Ta ce to, ita ma jitar ta zama 'yar birni.

Ban gaya mata abin da ya kashe tsofaffin ba, kuma ba zan gaya mata ba. Suna nan a gwangwanin maɓallaina, in na buɗe har yanzu man shanu nake ji.

Jiya wata ya tsaya. Yau da hantsi ƙanwarmu Hadiza ta kira ni ta ce Inna ta hana kowa sakat sai da aka miƙo mata kwalbarta da jitarka. Ta ɗora ta a cinya ta ɗiga shida, ba ta zubar da ko ɗaya ba. Wai da ta gama ta shafa katakon ta ce, "To Sabi'u, sai wani watan."

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe maka kurakuranka, ya sa aljanna ce makomarka. Allah ya bar wa Inna jinta, ya ƙara mata watanni masu yawa. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, ya haɗa fuskokinmu a inuwar da ta fi ta bedin gidanmu.

Ƙanenka da ya karya doka,
Lawal